Takardun Mai Tafiya

Shekarar da ruwa ya taso har ya lashi bangon gidanmu ta baya, mu biyu ne kawai a ciki, ni da Iya. Iya kakar maigidana ce, ita ta haifi babansa. Shi maigidan yana can kudu yana sayar da bandar kifi. Sallah ce ke kawo shi Haɗeja, wata Sallar ma ta zo ta wuce sai dai muryarsa a waya. Allah bai ba mu haihuwa ba. Gidan kuwa babba ne, an gina shi lokacin da ake da mutane. Ɗakuna a jere duk a rufe, masu su wasu sun rasu, wasu sun koma Kano da Dutse sun bar mana makullai. Idan na share tsakar gida da safe, har la'asar shatin tsintsiya yana nan, babu ƙafar da ta taka sai ta kaji.

Iya ba ta taɓa kirana da sunana ba. Amarya take ce mini, har bayan amarcin ya tsufa. Idan na ɓata mata rai kuma, sai na koma 'yar boko, saboda na gama sakandare kafin a kawo ni. 'Yar masunta ce daga wajen Guri, kuma ba ta bari a manta. Ni da na tashi a cikin gari, ko kwale-kwale na gani sai in ja da baya, wannan ya ishe ta abin tsokana har ƙarshen rayuwarta. Takan ce an aura wa jikanta macen da ruwan buta ma zai iya cinyewa.

Akwai wata ɗabi'a tata da na daɗe ina kallo. Idan muka fita gaisuwa ko dubiya, idonta a ƙasa yake. Duk guntun takardar da ta hango da harafin Larabci a jiki, sai ta tsaya, ta dogara sandarta, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka. Ta kaɗe, ta cusa a tsagar bango ko ta ƙulle a bakin zanenta. Iya ba ta iya karatu ba, don haka ba ta bambanta shafin littafin addini da takardar shayin da aka shigo da shi daga ƙasar Larabawa. Na taɓa gaya mata cewa wadda ta ɗauka ɗin ta sabulu ce. Ta ce harafin da aka rubuta sabulun da shi, ai da irinsa aka rubuta sunan Allah, ba za ta bar shi ƙarƙashin ƙafar akuya ba. Daga ranar ban sake yi mata maganar ba.

Da bangon ɗakinta ya fara tsatsafo da ruwa, sai na ce mu kwashe kayanta zuwa nawa ɗakin, wanda ya fi tudu. Da hantsi muka fara. A ƙasan wata tsohuwar adaka, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ƙara ɗaurawa, na ci karo da wata 'yar jakar fata, ba ta kai tafin hannuna ba, ta yi baƙi ta bushe kamar busasshiyar kuɓewa. Na ɗauka laya ce, na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce in zauna.

Nan ta ba ni labarin kakanta, wanda a danginsu ba a kiransa da komai sai Mai Tafiya. Na sha jin tana ambatonsa bayan salla, cikin jerin mamatan da take yi wa addu'a, amma ban taɓa tambaya ba.

Masunci ne. A zamanin da ko labarin Turawa bai iso ƙasar nan ba, ya yi niyyar Makka a ƙafa, kamar yadda ake yi a lokacin. Ya bi ayari ta Borno ya nufi gabas. Ya bar matarsa da ƙaramin ciki, cikin da aka haifi baban Iya. Tafiyar a wancan zamani ba ta wata ba ce, ta shekaru ce. Mutum ya tsaya a wani gari ya yi noma ko dako, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Yaron ya yi wayo, ya fara bin manya su, ubansa bai dawo ba. Sai wata rana wani mutumin Borno da ke dawowa daga gabas ya yi ta tambaya har ya gano gidan, ya ba matar wannan jaka. Ya ce shi ma wani ne ya ba shi a hanya, ya ce mai ita ya rasu, ya kuma yi wasiyya a kai wa iyalinsa. Aka tambaye shi, a tafiya ya rasu ko a dawowa? Ya ce bai sani ba, bai taɓa ganinsa ba.

Mutanen ƙauye kuwa ba su bar maganar ta kwanta ba. Aka riƙa cewa ai bai je ko'ina ba, wata ya samu a hanya ya aura ya yi zamansa, kamar yadda da yawa suka yi. Iya ta ce tana yarinya, idan faɗa ya haɗa su da 'ya'yan maƙwabta a bakin ruwa, da wannan ake yi musu gori. Ita kuwa matar ba ta sake aure ba. Ta tsufa a ɗakin da ya bar ta, kuma Iya ce jikar da ke kwana a bayanta. Ta ce har tsohuwar ta rasu, idan ta ji sallamar baƙo a ƙofar gida sai ta gyara ɗaurin kallabinta.

Da ta zo nan, na sami kaina ina kallon wayata da ke kan tabarma. Na kife ta.

Abin da ke cikin jakar, in ji Iya, takardu ne ƙanana masu rubutun Larabci, da yawa a da. Tun da daga hanyar Makka suka fito, sai aka ɗauka ayoyi ne ko addu'o'in da ya samo. Saboda haka duk macen da naƙuda ta yi wa tsanani a dangin, sai a ɗauko ɗaya a tsoma a ƙoƙo, a murza da yatsa kamar yadda ake wanke allo, a ba ta ruwan ta sha, a shanya takardar a mayar. Haka aka yi ta yi, daga uwa zuwa 'ya, har yawancinsu suka narke. Wanki na ƙarshe da aka yi, ranar da za a haifi maigidana ne.

“Uku suka rage,” ta ce. “Ke nake ajiye wa, in Allah ya kawo.”

Ban iya ɗaga kai ba. Ta kwance igiyar, ta zazzage su a kan zanenta.

Kallo ɗaya na yi musu na gane. Gefensu mai ƙananan haƙora ne, irin wanda na sani tun ina makarantar kwana, lokacin da muke lasar bayansa mu manna a ambulan mu aika gida. Biyu sun koɗe sun yi laushi kamar tsumma. Na ukun kuwa da sauran kyansa, da hoton mutum a kan raƙumi yana gudu. Wannan ba a taɓa wanke shi ba. Kakar Iya ce ta hana, ta ce mijinta ne, ya sa an zana shi don ɗansa ya san shi.

Na daɗe ina juya maganar a raina. Tsohuwa ce, ita kaɗai gare ni a gidan nan, kuma abin da ta riƙe ke nan tun ƙuruciya. Amma ta ce ni take ajiye wa, ni kuma ba zan iya amsa mata da to ba alhali na san abin da na sani.

“Iya, waɗannan kan sarki ne. Irin na gidan waya, da ake mannawa a wasiƙa.”

Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da idonta, ta juya shi.

“Ina kan? Ina sarkin?”

Na ce ba kowanne ne ke da hoton sarki ba. Ta ce ita dai wanda ta sani a zamanin Turawa da kai a jiki, har da hular zinariya, kuma 'yan boko ba su bar komai ba sai sun rage masa daraja. Na nuna mata inda aka rubuta Sudan da boko a jikin mai raƙumin. Na ce na duba Larabcin da ya rage, da ɗan abin da na koya a Islamiyya, ban ga aya ba. Ta ce to, da ruwansa aka haifi mijina lafiya, in ina da ja in je in tambaye shi. Ta tattara su ta mayar, ta juya mini baya.

Yinin ranar ba ta yi mini magana ba. Na dama mata kunu ta sha ba ta ce an gode ba, ba ta kuma ce ya yi tsami ba, wanda shi ne ya fi damuna. Gidan ya ƙara girma. Na zauna a bakin murhu ina jin kwaɗi suna ta yi a bayan katanga tun rana ba ta faɗi ba.

Washegari bayan ta idar da walha, sai ta kira ni. Ta ce ta yi tunani. In dai na wasiƙa ne, ai kowace ƙasa da nata. Na ce haka ne. Ta ce ke nan wanda ya sani zai iya duba su ya faɗi garin da suka fito. Na ce mai yiwuwa.

“To ki nemo mini wanda ya sani. Ba na son a ce mini niyya ta isa, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Ni so nake in ji ko ya isa da ƙafarsa. Na kusa tarar da kakata, ba na son in je mata hannu rabbana.”

Sai na tuna wata ƙawata ta makaranta, wadda babanta ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya. Muna yara takan ba mu labarin yadda yake tara kan sarki a cikin wani littafi, ba ya bari kowa ya taɓa. Na kira maigida don neman izinin fita. Da farko hankalinsa na wani wuri, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Da na ce tsofaffin kan sarki ne na tun kafin Turawa, sai na ji ya matsa inda babu surutu. Ya ce ya ji ana sayen irinsu da tsada, in tabbata na tambayo abin da za su yi, ga bango yana neman faɗuwa. Rabon da ya daɗe haka a waya da ni, na manta.

Haka na fita da tambaya biyu, tasa da ta Iya. Na shiga adaidaita, muka zagaya ta hanyar da ruwa bai cinye ba. Ta gefen fadama shinkafar mutane duk ta nutse, sai kawunanta. Na riƙe jakar a cikin hijabi kamar wadda ta ɗauko ƙwai.

Na sami dattijon a zaurensa, 'yarsa ƙawar tawa ta raka ni muka zauna daga gefe. Siriri ne, da tabarau mai kauri. Da muka gaisa ya tambayi mutanen gida, ya ce rabon da wani ya zo masa da maganar kan sarki tun kafin waya ta shiga hannun kowa. Jikokinsa ma, in ji shi, ba su san me ake yi da shi ba. Na zazzage su a tafin hannuna zan miƙa masa, sai ya ɗaga hannu da sauri.

“A'a, 'yata, ba da yatsa ba. Ajiye su a nan.”

Ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya aika aka ɗauko masa matsefata, da gilashin da ke ƙara girman abu, da wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya rabu, cike da hotunan kan sarki na ƙasashe. Ya ɗauki na farko da matsefatar, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, ya juya bayansa, ya duba haƙoran. Ya tambaye ni ko ambaliya ce ta taɓa cin su. Na gaya masa yadda aka yi.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya sa na maimaita. Ya ce a ƙoƙo? Na ce a ƙoƙo. Da yatsa? Na ce da yatsa. Ya yi salati a hankali, ya tambayi nawa aka shanye. Da na ce ban sani ba, da yawa dai, sai ya dafe kai. 'Yarsa ta kasa riƙe dariya. Shi ma can sai ya murmusa, ya ce shekarunsa duka a aikin nan ya ga kan sarkin da gara ta ci, ya ga wanda gobara ta ci, bai taɓa ganin wanda masu jego suka ci ba.

Sannan ya koma aiki, ya kuma ja ni cikinsa. Ya ba ni gilashin ya ce in duba na farkon in faɗi abin da na gani. Da ido kawai, wani tudu ne mai tsini a tsakiya, wanda Iya ta ce mini Dutsen Arfa ne. A ƙarƙashin gilashi sai ga layukansa a miƙe, ga kuma inuwar wani kai kamar na mutum a gabansa. Na tuna littafin tarihinmu na aji biyu. Na ce dalar Masar ce. Ya ce haka ne, ya buɗe littafinsa ya nuna mini ɗan'uwansa da bai sha wanka ba, launinsa garau.

Na biyun ya fi wahala, don kusan fari ya koma. Ya karkata shi ga haske har muka ga alamar jinjirin wata, da wani rubutu a cukurkuɗe kamar igiyar da aka naɗe. Ya ce wannan sa hannun sarkin Turkawa ne na Santambul. Su ba sa sa hoton sarki, sai sa hannunsa. Ya ce a wancan zamani Makka da Madina da Jidda duk a hannunsu suke. Na matso kusa da sauri. Ya lura, ya ce in dakata, ƙasashen da ke hannunsu da yawa ne, kuma kan sarkin iri ɗaya ne a ko'ina. Abin da ke faɗin gari shi ne hatimin da ma'aikaci ke bugawa a kai. Ya nuna mini wurin da bakin matsefata. Wata 'yar da'ira ce kamar tabon kofi a kan tire, cikinta babu komai. Daidai nan yatsun mata suka yi ta murzawa.

Mai raƙumin bai ɗauke shi lokaci ba. Ya ce na Sudan ne, na farko-farkon da aka buga, a ƙarshen ƙarni na sha tara. Hatimin kusurwa kawai ya taɓa, babu harafi ko ɗaya. Mutumin da ke kan raƙumin kuwa ɗan aiken gidan waya ne, ga buhunan wasiƙu a gefensa. An buga irinsa ba iyaka.

Sai ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne, me masunci mai tafiya a ƙasa zai yi da waɗannan? Duk an riga an yi amfani da su. Ba shi ya aika wasiƙun ba, ba kuma shi aka aiko wa ba.

Wannan ni na san amsarsa, don ina kwana ina tashi da ita. Na ce tsintarsu ya yi. Ya gan su a ƙasa da harafin Larabci, ana takawa, ya sunkuya ya ɗauka. Jikarsa ma haka take yi har gobe. Dattijon ya gyaɗa kai.

Ya ce in haka ne, to in saurara da kyau, don kada in kai wa tsohuwa abin da ba shi ba. Kan sarki ba ya zama a garin da aka saye shi. Yana bin wasiƙa, ya faɗi a garin da aka buɗe ta. Na Turkawan nan zai iya yiwuwa an tsince shi a Sudan, a kan wasiƙar da ta tsallako daga Jidda. Na Sudan ɗin kuma zai iya yiwuwa a Jidda aka tsince shi. Ko da hatimin bai goge ba, ba zai faɗi inda mutumin ya tsaya ba. Amma abu ɗaya zai iya faɗa da ƙarfin zuciya. A wancan lokaci ba a ƙauyukan hanya ake samun wasiƙun ƙasashe uku a zube wuri ɗaya ba. Sai a tashar jirgin ruwa, a bakin Bahar Maliya.

“Ya kai teku. Wannan gaɓar ko waccan, Allah ne ya sani.”

Na kusa tashi sai na tuna saƙon maigida. Na yi tambayar da kunya. Ya ce ana duba abu uku: ƙarancinsa a duniya, lafiyar jikinsa, da hatiminsa. Waɗannan ba masu wuyar samu ba ne ko da suna da lafiya. Biyun da aka wanke babu mai saye. Mai raƙumin, in an sami mai so, ba zai biya kuɗin motar kai shi Kano ba. Ya ce da a ce suna manne a kan ambulan ɗinsu, da hatimin Makka a fili, da wata magana ake yi. Ya naɗe mini su a farar takarda da kansa, ya ce in raba su da danshi, ya kuma roƙe ni kada a ƙara shan ko ɗaya. Har na kai ƙofa yana cewa in na sami wasu in kawo, ko ba na sayarwa ba, a duba kawai.

A hanya na kira maigida na gaya masa. Ya ce to, Allah ya kyauta, ga mai saye ya zo, zai kira ni anjima. Bai kira ba.

Na tarar da Iya a inda na bar ta, a ƙofar ɗakina, ta ɗora haɓa a kan sanda. Ba ta bari na cire hijabi ba. Na zauna a gabanta na faɗa mata komai bi da bi, ban ƙara ba ban rage ba. Na Masar, na Turkawa, na Sudan. Na ce wurin da zai faɗi sunan gari ya goge. Ta tambayi me ya goge shi. Na ce wanki. Ta dubi yatsunta.

Maganar mai raƙumin ce ta fi yi mini nauyi, amma na faɗa. Ta ce dama ita ta daɗe tana shakka, ina masunci ina raƙumi, ba ta dai son ƙaryata tsohuwa ne.

Sannan na gaya mata ta ƙarshen. Na ce babu wanda zai iya cewa ya shiga Makka, amma bai tsaya a hanya ba. Ya kai bakin teku. Ko ya tsallaka ko bai tsallaka ba, wannan ne ba a sani ba.

Ta ɗago kai. Ta ce in sake faɗa. Ta tambaya ko Makka tana da nisa daga wancan ƙetaren. Na ce ba nisa sosai, in aka kwatanta da abin da ya baro. Ta tambaya ko akwai jirage a wurin. Na ce ai tashar jirage ce.

Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi, na matsa, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti.

“Amarya, ke da dattijon naki duk 'yan tudu ne. Mutumin da aka haifa a Guri, wanda ke kwanciya a kan gora ya ƙetare kogi yana cike, shi ne zai taka ƙasa shekara da shekaru, ya zo bakin ruwa ya tsaya? Da dutse kuka ce mini, ko daji, sai in yi shakka. Ruwa?”

Na buɗe baki in ce teku ba kogin Haɗeja ba ne, sai na rufe. Ba tambayata take yi ba. Na faɗi abin da na sani, ita ma ta faɗi abin da ta sani, kuma a kan mutanenta da ruwa ta fi ni sani nesa ba kusa ba.

Ta ce in dama mata kunu. Da na kawo ta kurɓa, ta ce ya yi tsami.

Da magariba muka yi salla a ɗakina, don nata ya riga ya jiƙe. Bayan mun sallame ta fara jero mamatanta kamar kullum, iyayenta, mijinta, 'ya'yanta da suka riga ta. Ina jiran inda za ta ce Mai Tafiya. Da ta iso wurin sai ta ɗan tsaya, ta gyara zama, ta ce Allah ya jiƙan Alhaji, ya jiƙan matarsa da ta jira shi. Na ce amin.

Iya ba ta ga wata daminar ba. Ta rasu da rani, a ɗakina, bayan ruwa ya janye an shuka alkama a inda ya kwanta. Kafin nan ta ba ni jakar, ta ce tunda na hana a sha, sai in riƙe. Aka yi zaman makoki gidan ya cika, ɗakunan nan duk aka buɗe su, na ji ƙafafu a tsakar gida har na manta yadda shiru yake. Bayan addu'ar bakwai kowa ya kama hanya. Maigida ya ƙara 'yan kwanaki, shi ma ya koma.

Takardun suna nan a cikin farar takardar da dattijon ya naɗe su, a saman kabad inda danshi ba ya kaiwa. Wani lokaci da la'asar, in na gama aiki babu abin yi, nakan sauko da su in buɗe a kan ƙyalle. Na sayi matsefata tawa. Nakan daɗe ina kallon 'yar da'irar nan da babu komai a cikinta. Ni har yau ban san ko ya tsallaka ba. Amma idan na zo kansa a addu'a, yadda Iya ta bar shi nake kiransa, don ban ga dalilin da zan mayar da shi hanya ba.

Ran nan ina dawowa daga dubiya, na hango guntun takarda a bakin kwata da harafin Larabci a jiki. Na san ta shayi ce, na karanta. Na ɗauka na kaɗe, na nemi tsagar bango na cusa.